Mary Ingles, Macen Da Ta Bi Kogi Har Gida

A wannan wata za mu ba da labarin wata mace ta ƙasar Amurka, tun zamanin da Birjiniya take ƙarƙashin Sarkin Ingila. Iyayenta, George Draper da Elenor, mutanen Ailan ne da suka haye teku neman wurin zama. Aka haifi Mary a birnin Filadelfiya a 1732. Tana yarinya ubanta ya tafi farauta, ba a ƙara ganinsa ba. Uwar ta kwashi 'ya'yanta, suka zauna a bakin jeji cikin tuddan Birjiniya. Can Mary ta auri William Ingles a 1750, ta haifa masa maza biyu, Thomas da George.

Kada mu manta, jejin nan yana da masu shi tun kafin zuwan Turawa, ga shi kuma Ingila da Faransa suna yaƙi a kansa. Cikin watan Yuli na 1755 mayaƙan kabilar Shawani suka fāɗa wa ƙauyen. Suka kashe uwar Mary, suka kama ta da 'ya'yanta da matar ɗan'uwanta. Mijinta yana gona, ya tsira.

Aka kai su wani gari a bakin kogin Ohayo. Nan aka raba ta da yaran, aka ba waɗansu gidaje su goye su. Ita kuwa aka sa ta ɗinkin riguna, daga baya aka tafi da ita ƙasar da ake kira Kentaki yanzu domin ta dafa gishiri.

A nan ne shawara mai wuya ta same ta. In ta zauna, ba za ta ƙara ganin mijinta ba. In ta gudu, ta bar 'ya'yanta a baya. Cikin watan Oktoba ta gudu tare da wata tsohuwa Bajamushiya, ba su da komai sai bargo da ɗan gatari. Ba ta san hanya ba, amma ta tuna ta bakin ruwa aka zo da ita. Saboda haka suka bi Ohayo, suka bi Kanawa, suka shiga kwazazzaban New River. Abincinsu saiwoyi ne da 'ya'yan itatuwan jeji. Yunwa ta taɓa hankalin tsohuwar har ta tasar wa Mary da kisa. Mary ta sami wani kwalekwale ta haye, kogi ya shiga tsakaninsu.

Bayan kwana 40 da ɗoriya, da tafiyar mil 500 ko fi, wani manomi mai suna Adam Harman ya tsince ta kusa da gonarsa, sanyi da yunwa sun kusa gama da ita. Aka koma aka nemo tsohuwar ma da rai.

Mary ta koma wurin mijinta, suka sami 'ya'ya huɗu kuma. A 1762 suka kafa jirgin fito a New River, matafiya suna biya ana haye da su. Amma gidan bai koma yadda yake ba. George ya mutu a hannun waɗanda suka kama shi. Thomas kuwa sai 1768 aka fanso shi, yana da shekara 17. Ya manta Turanci, zuciyarsa tana wurin Shawani da suka goye shi. Uwar da ta haife shi ta zama masa baƙuwa, sai a hankali suka saba.

William ya rasu a 1782, Mary kuwa a 1815, tana da shekara 83. Ɗanta John ne ya rubuta abin da ya ji daga bakinta.

Mukan yabi wannan mace saboda doguwar tafiyarta. Amma mu tuna da shekara 13 da ta yi tana jiran ɗanta, da haƙurin da ta yi da shi bayan ya komo. Iyayen da ɗansu ya yi nisa da gida sun san wanne ya fi wuya.