Mahatma Gandhi: Gwarzon da Ya Yi Yaƙi Ba Makami

A wannan makon mun kawo muku tarihin Mahatma Gandhi. An haife shi a Porbandar, Indiya, a 1869, ya karanci aikin lauya a Landan. A zamaninsa Turawan Ingila sun hana Indiyawa haɗa gishiri, sai dai su saya da haraji a kai. A 1930 Gandhi ya yi tattakin kwana 24 zuwa bakin teku, ya ɗebi gishiri da hannunsa. Aka ɗaure shi da dubban mabiyansa, amma ya hana su ramuwa. Indiya ta sami 'yanci a 1947. A 1948 wani ɗan Hindu ya harbe shi, yana zarginsa da goyon bayan Musulmi. Mu ɗalibai mu lura: ba da sanda kaɗai ake ƙwato haƙƙi ba.