Nana Asma'u: Marubuciyar Da Takardunta Suka Tsaya A Madadin Hotonta

Babu hoton Nana Asma'u ko ɗaya. Mafi yawan abin da aka sani game da ita, daga takardunta da bakin magadanta aka samo shi.

An haife ta a Ɗegel a 1793, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce. Ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojinta ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato.

Zuriyarta ce ta adana rubuce-rubucenta na ajami, musamman a gidan Waziri Junaidu. Daga nan Jean Boyd ta nazarce su, ta wallafa su tare da Beverly Mack a 1997.

Takarda kuwa ba ta jure gara da laima. Da ba a samu masu adana ta ba, da sunan Asma'u kaɗai zai rage. Allah Ya jiƙanta.