Leibniz, Bajamushen da ya yi ƙirga da 0 da 1

A birnin Leipzig na Jamus aka haifi Gottfried Wilhelm Leibniz a 1646. Shari'a ya karanta, amma aikin fada ne ya ci rayuwarsa: shekara 40 yana yi wa gidan sarautar Hanoba hidima, yana kula da ɗakin littattafansu, yana tono musu tarihin kakanni. Lissafi a gefe yake yinsa.

A 1679 ya rubuta yadda za a ƙirga kowace lamba da alama biyu kacal, 0 da 1. A ƙirgar da muka saba, kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. A tasa sau biyu ne: 1, 2, 4, 8. Sha uku ke nan 8 da 4 da 1, sai a rubuta 1101. Duk lokacin da na kai nan a aji, ɗalibai kan ce lambobin sun cika tsawo. Gaskiyarsu. Shi ma ya gani, har ya gwada ƙirga mai tushe 16, wadda yau ake rubutawa da 0 zuwa 9 da A zuwa F, alama ɗaya ta maye gurbi huɗu. Haruffa ma lamba ake ba su: babban A a kwamfuta 65 ne, wato 01000001, a taƙaice 41. Ƙaramin ƙ namu mai lanƙwasa kuwa 0199 ne a tsarin Unicode.

A 1697 ya rubuta wa wani sarki cewa 1 alamar Mahalicci ce, 0 kuma babu, wai daga su komai ya samu. Ni dai a nan ba na binsa, lamba lamba ce. A 1703 ya miƙa bayanin ƙirgar ga majalisar masana ta Faransa, bayan wani ɗan mishan a Sin ya aiko masa da tsofaffin zane 64 na layi cikakke da layi tsinkakke, ya ga sun dace da lissafinsa.

Injin ƙirga da ya ƙera da goma-goma yake aiki. Na 0 da 1 a takarda ya tsaya, sai a 1938 wani Bajamushen, Konrad Zuse, ya haɗa irinsa.

Ƙarshensa ba daɗi. Rigimarsa da Newton ta ɓata masa suna a Ingila, kuma da ubangidansa ya zama sarkin can a 1714, aka bar shi a Hanoba ya ƙarasa tarihin nan. Bai ƙarasa ba. Ya mutu a 1716, manyan fada ba su je jana'izarsa ba.