Labarin Malam Ayuba ɗan Sulaimanu, Bafillacen Bundu

An haifi Malam Ayuba, Allah ya jiƙansa, wajen shekara ta 1701 a ƙasar Bundu, wadda ke cikin Senegal ta yanzu. Gidansu gidan malamai ne na Fulanin Jallo, ubansa Sulaimanu shi ne limamin garinsu. A gaban uban ya sauke Alƙur'ani ya haddace shi, ya yi karatun Larabci, har ya zama yana taimakonsa ga limanci tun da sauran ƙuruciya. Ya yi mata biyu, Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu.

A farkon shekara ta 1731, watau 1143 ta Hijira, uban ya aike shi bakin kogin Gambiya da bayi biyu, ya sayar wa wani jirgin Ingilishi, ya sayo takardar rubutu da waɗansu kayayyaki. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne: mutumin da za a sayar gobe, yau shi ne mai sayarwa. Ciniki bai faɗa ba tsakaninsa da kyaftin ɗin jirgin, mai suna Pike. Sai ya ƙetare kogi zuwa ƙasar Mandingo, alhali kuwa uban ya gargaɗe shi kada ya ƙetare, domin akwai gaba tsakaninsu. Can ya musanya bayin da shanu. A kan hanyar komowa zafin rana ya dame shi, ya sauka gidan wani idon sani, ya rataye takobinsa da kwarinsa. Nan mahara suka auka masa, suka kama shi tare da tafintansa Lamin, suka aske musu kai da gemu don a ɗauke su kamammun yaƙi, suka sayar da su ga kyaftin ɗin nan da aka kasa daidaitawa da shi jiya. Kyaftin ya gane shi, ya yarda a fanshe shi. Aka tashi manzo zuwa Bundu, amma tafiyar ta kusan mako biyu ce, kafin fansa ta iso jirgi ya riga ya ɗaga.

Aka sauke shi a Anafolis, cikin ƙasar Marilan ta Amurka, wadda a zamanin nan take hannun Ingila. Wani manomi ya saye shi ya sa shi aikin gonar taba. Jikin da ya saba da allo da tawada bai iya ba, ya kwanta ciwo, sai aka mai da shi kiwon shanu. To, a nan ne jarrabawar ta tsananta. Babu ladan, babu jam'i, babu wanda ya san abin da ake nufi da alƙibla. Idan lokaci ya yi sai ya bar shanu ya shiga kurmi ya yi sallarsa. Wani yaron Bature ya gano wurin, ya riƙa binsa yana yi masa ba'a, yana watsa masa ƙasa a fuska yana cikin ibada. Ba shi da harshen da zai kai ƙara. Da abin ya ishe shi sai ya gudu, ba don ya san inda za shi ba. Aka kama shi, aka jefa shi kurkuku.

Mai tsaron kurkukun yana da gidan sayar da giya, kuma can aka fito da shi a gaban waɗansu Turawa da suka zo kallon baƙon da ba a san harshensa ba. Cikinsu akwai wani lauya, Thomas Bluett, wanda daga baya ya rubuta labarinsa. Suka yi masa ishara, ya karɓi alƙalami ya rubuta layi ɗaya ko biyu da Larabci, ya karanta musu. Ba su fahimci kome ba sai suna biyu, sunan Allah da na Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sa'an nan suka miƙa masa kofin giya, ya ƙi karɓa. Da waɗannan abubuwa suka gane Musulmi ne, kuma daga natsuwarsa suka gane ba ƙaramin mutum ba ne a ƙasarsu. Mai karatu ya duba halin da yake ciki: ɗaurarre ne, a hannun mutanen da yake bukatar tausayinsu, kuma babu Musulmi ko ɗaya a wurin da zai ga ya sha, balle ya ba da labari a Bundu. Wannan shi ne bayaninsa na farko game da addininsa, ya kuwa yi shi tun bai san kalma ɗaya ta Ingilishi ba.

Daga baya aka sami wani tsohon bawa mai jin harshen Jolof, wanda Ayuba ma yana ji, ya yi tafinta. Da ubangidan ya san dalilin gudun, ya karɓe shi, ya ware masa wurin salla, ya rage masa aiki. Ayuba ya rubuta wa ubansa wasiƙa da Larabci. Wasiƙar ba ta kai Bundu ba, ta tsaya a Landan, ta faɗa hannun James Oglethorpe, ɗaya daga cikin manyan kamfanin Ingila mai ciniki a gaɓar Afirka. Ya sa aka fassara ta a jami'ar Okusfod, abin da ke ciki ya taɓa zuciyarsa, ya ɗauki alkawarin biyan fam 45 a kawo mai wasiƙar Ingila.

A watan Maris na 1733 ya shiga jirgi, Bluett yana ciki. A kan teku ya fara koyon Ingilishi. Bai bar salla ba. Ba ya cin naman alade, ba ya cin naman da ba shi ya yanka ba, har aka riƙa barinsa ya yanka dabbar da za a ci a jirgin domin shi ma ya sami rabo. Mutanen jirgin suka lura ba ya ambaton sunan Allah da wasa, in zai faɗe shi sai ya ɗan dakata, ya faɗe shi da girmamawa.

Da ya isa Ingila, tsoro bai bar shi ba, domin har yanzu akwai takardar bashi a kansa, yana gudun kada a sake sayar da shi. Waɗansu masu hali suka yi karo-karo, suka biya abin da ya kusa fam 60, aka ba shi takardar 'yanci. Daga nan ƙofofi suka buɗe. Ya taimaki Hans Sloane, babban likita mai tara tsofaffin kayayyaki, wajen karanta rubutun Larabci da ke jikin kuɗaɗe da takardu. Aka kai shi gaban Sarki Joji na biyu, Sarauniya Karolin ta ba shi agogon zinariya. A 1734 wata ƙungiyar masana ta garin Spalding ta sa shi cikin membobinta.

Amma masaukansa Nasara ne, cikinsu har da malaman coci, kuma da yawa suna fatan ya bi addininsu. Suka ba shi Linjila da aka fassara da Larabci. Wani a matsayinsa da sai ya ƙi taɓa ta don tsoro, wani kuma da sai ya karɓa ya yi shiru don kunyar alherin da aka yi masa. Ayuba ya karɓa, ya karanta ta da kula daga farko har ƙarshe. Sa'an nan ya gaya musu ya duba sarai bai ga inda aka ce alloli uku ne ba, shi dai Allah ɗaya ya sani. Idan aka ambaci Annabi Isa, alaihissalamu, sai ya yi maganarsa da daraja, ya ce Annabi ne mai girma. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma rage kome daga abin da ya gaskata don a ji daɗi. Bluett, wanda shi kansa mai kishin addinin Nasara ne, ya shaida cewa mutumin yana muhawara da hankali da ladabi. Shaidar wanda bai bi ra'ayinka ba ta fi nauyi a mizani.

Haka kuma al'amarin hoto. Abokansa suka so wani mai zane, William Hoare, ya zana shi. Da fari ya ƙi, sai da suka tabbatar masa ba don wani abu ba ne sai don su riƙa tunawa da shi. Da ya yarda, sai ya ce lalle a zana shi cikin tufafin ƙasarsu, ba na Turawa ba. Mai zane ya ce ba zai iya zana rigar da bai taɓa gani ba. Ayuba ya tambaye shi, to, yaya waɗansu masu zane a ƙasarsu suke zana Allah, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa? Aka zana shi da farar riga da rawani, da littafi cikin jan gafaka rataye a ƙirjinsa.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne haddarsa. Yana Ingila ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka, ba tare da ya dubi wani kwafi ba, ba ya ma duban na farko sa'ad da yake rubuta na biyu. Duk alaramman da ya taɓa zama rubuta satu ya san nauyin wannan aiki, balle ga wanda ya shekara biyu ba mai yi masa tilawa, ba mai gyara masa tuntuɓe.

Ya bar Ingila a watan Yuli na 1734, ya sauka Gambiya cikin Agusta, da kayan aikin noma da kyaututtuka masu yawa. Wata rana yana zaune ƙarƙashin itace tare da Francis Moore, wakilin kamfani, sai ga waɗansu daga cikin mutanen da suka kama shi. Ransa ya ɓaci, ya so ya far musu, Moore ya hana shi. Sai ya kira su ya tambaye su labarin sarkinsu. Suka ce ya mutu: bindigar da aka ba shi cikin kuɗin Ayuba ita ce ta tashi tana rataye a wuyansa ta kashe shi. Ayuba ya durƙusa ya gode wa Allah, daga baya kuma ya ce da sarkin yana da rai da ya yafe masa, domin ta sanadinsa ya ga abin da bai taɓa zaton zai gani ba.

Yanzu kuma sai bayani ya juya wajen 'yan'uwansa Musulmi. Mutanen ƙasar sun ɗauka duk wanda jirgi ya tafi da shi cinye shi ake yi, tun da ba wanda ya taɓa komowa. Ga shi ya komo da sallarsa da karatunsa, yana raba wa mutane takardar rubutu, yana ba da labarin Turawa, na kirki da na banza. Ya nemi kamfanin ya yarda duk Musulmin da aka kawo sayarwa a bari a fanshe shi da bayi biyu. Alheri ne ga wanda aka fansa, amma mutum biyu ne ke shiga jirgi a madadinsa, kuma shi kansa Ayuba bai bar sayen bayi ba bayan duk abin da ya ɗanɗana. Tafintansa Lamin dai bai manta da shi ba, ya yi ta roƙo har aka komo da shi gida a 1738.

Tun yana bakin kogi manzanni suka zo daga Bundu da labari mai nauyi. Ubansa ya rasu, amma sai da ya ji ɗansa yana raye. Yaƙi ya ci dukiyar ƙasar, ɗaya daga cikin matansa kuma ta yi wani aure. Ya yi kuka saboda uban. Game da matar ya ce ba ya ganin laifinta, ba ya ganin na mijin, domin ƙasar da aka kai shi ba a san wanda ya taɓa komowa daga cikinta ba.

Ya koma Bundu ya zauna cikin mutanensa kusan shekara arba'in, ya rasu a 1773. Hoton nan da aka zana, hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Ƙatar ta saye shi a 2009. Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta da ka ya sake bayyana a Landan a 2013, aka sayar da shi a gwanjo.