Dennis Ritchie: Mutumin da ya kwance manhaja daga turken kamfani ɗaya

Har zuwa farkon shekarun 1970, ma'aikatar da ta sayi kwamfuta daga wani kamfani ta ɗaura wa kanta igiya ke nan. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, da yawancin abin da aka gina a kanta, an rubuta su ne don wannan na'ura kaɗai. Mai son sauya dillali sai ya sake aikin shekaru daga tushe, kuma kamfanonin sun san haka. Dennis Ritchie na cikin 'yan tsirarun da suka sassauta wannan ɗauri.

An haife shi ranar 9 ga Satumba 1941 a Bronxville ta jihar New York. Mahaifinsa ma'aikaci ne a Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin tarho na AT&T, shi ma can ya kama aiki a 1967 bayan ya karanci kimiyya da lissafi a Harvard. Ya rubuta kundin digirin digirgir a 1968, amma bai taɓa karɓar shaidar ba.

A 1969 abokin aikinsa Ken Thompson ya fara gina babbar manhajar Unix. Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, kuma a 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da shi maimakon harshen da na'ura ɗaya tak ke ganewa. Sai dai hikimar da ba a cika ambata ba tana cikin abin da aka ƙi sanyawa a harshen. C shi kansa bai san buɗe fayil ko nuna rubutu a allo ba. An bar wa wani rumbu na ƙananan ayyuka wannan nauyi, kowane aiki da tsayayyen sunansa. Mai rubuta manhaja zai kira fopen ya buɗe fayil, ko printf ya fitar da rubutu. Yadda kowace na'ura za ta cika umarnin kuwa, ruwan masu na'urar ne. Mike Lesk ne ya fara rubuta irin wannan rumbu, sannan Ritchie ya sake masa fasali ya zama stdio, wanda ya fito cikin bugu na bakwai na Unix a 1979. Kafin nan, tsakanin 1977 da 1978, shi da Steve Johnson sun ɗauke Unix daga PDP-11 zuwa Interdata 8/32, na'urar da ba su haɗa dangi ba. Littafin da ya rubuta da Brian Kernighan a 1978 shi ya zama ma'aunin harshen na shekara goma.

Basira kaɗai ba ta isa ta yaɗa wannan aiki ba, kuma a nan ne masu yabon gwanaye kan tsallake gwamnati. Wata yarjejeniya da aka ƙulla a kotu a 1956, bayan ƙarar da gwamnatin Amurka ta kai AT&T kan babakere, ta hana kamfanin shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba. Don haka ya riƙa ba jami'o'i lasisin Unix da araha, har da ainihin rubutun manhajar. Ɗalibai suka karanta, suka gyara, suka tafi da ita wuraren aiki. Da aka wargaza AT&T a 1984, takunkumin ya faɗi, Unix ta zama haja, kamfanoni suka ci gaba da fitar da nau'o'in da ba sa jituwa, igiyar ta fara dawowa. Abin da ya taka mata birki shi ne rubutacciyar ƙa'ida: POSIX a 1988, wadda gwamnatin Amurka ta mayar sharaɗin sayen kwamfutocinta, sai ƙa'idar harshen C da rumbunsa a 1989. A kan wannan shimfiɗa Linus Torvalds ya gina Linux daga 1991, kuma Linux ce ke ƙarƙashin Android ɗin da ke cikin Tecno da Infinix na aljihunanmu.

Rumbun yana da tabonsa. Aikin gets yana karɓar rubutu ba tare da auna ko wurin ajiya zai ɗauke shi ba, kuma ta wannan kafa, cikin wasu, tsutsar Morris ta kutsa dubban kwamfutoci a Nuwamba 1988. Abin da ke aiki a ko'ina, kuskurensa ma a ko'ina yake aiki.

Ritchie da Thompson sun karɓi lambar Turing a 1983, Shugaba Bill Clinton kuma ya ba su lambar fasaha ta ƙasa a 1999. Ritchie ya yi ritaya a 2007. An tarar da gawarsa a gidansa da ke Berkeley Heights, New Jersey, ranar 12 ga Oktoba 2011, yana da shekara 70, mako guda bayan mutuwar Steve Jobs, wadda ta cinye kanun labarai. A Disambar wannan shekara aka fitar da sabuwar ƙa'idar C, aka cire gets daga cikinta.