Likita Mila na Zariya: Mutumin da Ya Buɗe Ƙofar Gidansa

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a Landan, sa'an nan ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. A 1900 ya biyo Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS har Kano, amma Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba. Suka juya suka yi zango a Girku.

A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Mila ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Wa'azi a fili yana da wuya a birnin, masu bi kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abin da yake da shi gida ne, sai ya buɗe shi. Yana duba marasa lafiya, yana kuma tara yara da samari a gabansa, suna koyon karatu, suna bin Maganar Allah aya aya, suna addu'a tare. A irin wannan zama ne yake gwada fassararsa, yana jin inda Hausar ta zauna da inda ta yi tuntuɓe.

A 1913 waɗansu Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim na Kano, suka zo suna neman ƙarin sani game da Isa Almasihu. Daga nan aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka musu, mutane da yawa suka mutu, ƙauyen ya watse. Yaran da suka tsira aka kawo su Zariya, ƙofar Mila kuwa tana nan a buɗe.

Shekaru suka shuɗe, waɗanda aka yi wa baftisma kaɗan ne. Amma daga cikin wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da John Tafida, marubucin Hausa. A 1929 aikin ya koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Mila ne kuwa ya ɗauki kaso mafi girma na aikin. Ya rasu a 1952, a nan Nijeriya.

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, musamman iyalanmu na Suleja inda kowa ke sammako zuwa Abuja ya dawo da dare a gajiye, kada mu rena taron mutum biyar a falo. A majami'a ana jin wa'azi, amma a gida ne mai jin kunya yake yin tambaya, a nan ake sanin wanda ya kwana da yunwa, a nan yara suke ganin iyayensu da Littafi a hannu. Tabarma ɗaya da maraice ɗaya a mako sun isa a fara.