Kyaftin Voulet, Baturen da ya ƙone Birnin Ƙonni

Da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda neman abinci ya kai su Kano, Kaduna, Abuja da Ikko, idan aka ambaci zuwan Turawa ƙasar Hausa abin da ke faɗo mana a rai shi ne Lugga, da cin Kano da Sakkwato a 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru har zuwa Burmi. Wannan aka koya mana a makaranta, shi kuma muka koyar da 'ya'yanmu. Amma shekara huɗu kafin haka wani Bature, ɗan ƙasar Faransa, ya riga ya ratsa arewacin ƙasar Hausa, ya bar ɓarnar da har yau dattawan Arewa da Ƙonni da Tasawa ba su daina ba jikokinsu labarinta ba. Sunansa Kyaftin Paul Voulet.

An haife shi a birnin Paris a 1866. Mahaifinsa likita ne, amma shi sai ya zaɓi aikin soja, ya fara daga kurtu har ya zama hafsa, aka turo shi Afirka ta Yamma. Nan ne ya haɗu da abokin tafiyarsa Julien Chanoine, ɗan wani babban janar wanda daga baya ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Faransa na ɗan lokaci a 1898. Su biyun nan ne suka ci ƙasar Moshi da ta Gurunshi. A 1896 Voulet ya shiga Wagadugu, ya sa mata wuta, sarkinta ya gudu, aka naɗa ɗan'uwansa a madadinsa. Tun daga nan halinsa ya fito fili: ƙone gari, kashe wanda aka kama, kwashe mata da dabbobi. Manyansa sun san da wannan sarai. Abin da suka yi masa a kai shi ne yabo da ƙarin girma, domin ya kawo musu ƙasa mai faɗi cikin sauri kuma ba da tsada ba. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi mana amfani in mun zo ƙarshen labarin.

A watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasashenmu a bisa takarda. Suka ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100: abin da ke ciki na Ingila, abin da ke waje na Faransa. Faransa kuwa burinta ta kai Tafkin Chadi, ta haɗe mulkinta na Aljeriya da na Kwango da na yamma, ta kuma murƙushe Rabeh. Sai ta shirya runduna uku, ta ba Voulet ta yamma. Kuɗin da aka ba shi ba su kai su ciyar da jama'arsa ba, ma'ana dai an bar shi ya ci daga abin da ya tarar a hanya. Turawan da ke cikin tafiyar ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne, sojoji 'yan ɗaruruwa da 'yan dako masu ɗimbin yawa da aka kamo da ƙarfi, kuma kullum ayarin ƙara kumbura yake yi da matan da ake kamewa.

A watan Janairu na 1899 suka bar gaɓar Kwara suka fuskanci gabas, bayan sun kashe mutum 101 a Sansanin Hausa, har da mata da yara, wai don an ji wa wasu sojojinsu rauni. Rani ne, ƙasa ta bushe, ga bakuna sun fi dubu suna neman ruwa da hatsi. Garin da ya buɗe rumbunansa ya rasa abincin shekara, wanda ya ƙi ya rasa rai. Ɗan dakon da ya gaji a harbe shi, ɗan jagoran da ya ɓatar da hanya a rataye shi. Da labari ya riga su isa gaba, mutane suka riƙa watsewa daji suna barin kango, shi kuwa ya ɗauki gudun a matsayin laifi, ya ƙone kangon.

A Lugu, cikin ƙasar Arewa kusa da Dogondutsi, ya gamu da waɗanda suka tsaya. Ranar 16 ga Afrilu mayaƙan Sarauniya Mangu suka yi masa ruwan kibau daga cikin kurmi, suka kashe masa soja huɗu, suka sa ya ƙone dubban harsasai kafin ya shiga garin da ya tarar ba kowa. Wannan ne yaƙin da Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kansa a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986.

Daga nan rashin ruwa ya sa ya karkato kudu, ya shiga cikin bakan da aka ce na Ingila ne. A farkon watan Mayu ya iso Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa, mai bin Sarkin Musulmi. Ya kafa igwa ya fasa ganuwar, sojojinsa suka afka wa mutanen da ke neman ƙofar fita. Masana tarihi suna ƙiyasta mamatan da dubbai, kuma an ɗauki kwanaki ana binne su. Duk wanda ya taɓa tsallakawa daga Illela zuwa kasuwar Ƙonni ya taka ƙasar da wannan abu ya faru a kanta, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya tona asirinsa a Paris wasiƙa ce. Wani hafsa mai suna Peteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin bayan sun saɓa, ya rubuta wa budurwarsa abin da idonsa ya gani, takardar ta bi hannu-hannu har ta kai ga ministan da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka. Aka umarci Laftanar-Kanar Klobb, wanda ya riƙe Tumbutu, kuma ya san Voulet ido da ido, da ya bi sawunsa ya karɓi ragamar rundunar. Bai sha wahalar neman hanya ba. Toka da gawawwaki da rijiyoyin da aka cika da mutane su suka yi masa jagora, kuma ya rubuta su cikin littafinsa na tafiya, har da 'yan matan da ya tarar a rataye jikin itatuwa a Koran Kalgo.

Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi arba a Dankori kusa da Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya matso a kan doki cikin kayan sarki. Voulet ya sa aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, mataimakinsa Meynier ya sami rauni. Da maraice Voulet ya cire anininsa, ya shaida wa sauran Turawan cewa shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, kuma zai kafa daular kansa. Chanoine ya bi shi. Amma sojojin da suka yi musu aikin kisa wata bakwai sun gane cewa wannan daula tana nufin ba za su sake ganin gida ba. Suka yi bore a Maijirgi. Suka harbe Chanoine ranar 16 ga wata, da asubar 17 kuma wani mai gadi ya harbe Voulet yayin da yake ƙoƙarin komawa sansani. Bai cika shekara 33 ba. Daularsa kwana uku ta yi.

Mutuwarsa ba ta tsayar da tafiyar ba. Kafin watan ya ƙare ragowar rundunar ta ci Damagaram, daga baya aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga, sannan Joalland da Meynier suka zarce Chadi, inda aka kashe Rabeh a Kusuri a watan Afrilu na 1900. Ƙasar da Voulet ya ƙone Faransa ta riƙe ta, har ma da ƙari, domin da aka sake gyara iyaka a 1904 da 1906 Ingila ta bar mata Ƙonni don ta sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram.

A Faransa labarin ya faɗo ne daidai lokacin da ƙasar ta rabu biyu kan shari'ar Dreyfus, hafsan nan Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, kuma mahaifin Chanoine yana cikin janar-janar da suka tsaya a kan ƙagen. Saboda haka kowane ɓangare ya ja labarin zuwa inda ya fi masa daɗi. Wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya nemi majalisa ta yi bincike a 1900, aka ƙi. Binciken ma'aikata kuwa da aka rufe a 1902 cewa ya yi zafin ranar ƙasarmu ne ya haukatar da hafsoshin biyu. Mu dai ba mu gamsu da wannan hukunci ba. Rana ɗaya ce ta doki Klobb da Voulet, kuma mutumin da ya ƙone Wagadugu a 1896 da hankalinsa aka ce ya yi, har aka ba shi lada. Haukan bai bayyana ga hukuma ba sai ranar da harsashi ya sami Bature.

Sai kuma jita-jita. A 1923 wani matashin jami'in mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone kaburburan biyu a Maijirgi, aka ce an tarar ba kowa a ciki. Daga nan zance ya yaɗu cewa ba su mutu ba, abokansu ne suka ɓoye su don a rufa wa sojan Faransa asiri, har wasu na cewa Voulet ya tsufa cikin Buzaye da wani suna. Babu wanda ya taɓa kawo hujja a kan haka, kuma kabarin da aka haƙa cikin gaggawa a daji yana da hanyoyi da yawa na zama wayam. Duk da haka marubutan Turai sun ɓata tawada mai yawa a kan ramukan nan biyu, alhali ramukan Ƙonni, waɗanda ba a taɓa shakkar akwai mutane a cikinsu ba, ba a ko ƙirga su ba. Sai a 2020, da aka fito da fim ɗin African Apocalypse, wanda aka yi wa fassarar Hausa, duniya ta ji jikokin mutanen Ƙonni da Lugu da Koran Kalgo suna ba da labarin da bakinsu.